Ciyayin dangin aya a ƙarƙashin inuwar bishiya: wanne za a dasa, kuma yaya za a riƙe shi

Wata mai lambu ta aiko da tambaya cewa tana da manyan bishiyoyi a lambunta, kuma ciyawar da ake shimfiɗawa don ado ta ƙi zama a ƙarƙashinsu duk da an sake shuka ta, har wurin ya koma fili fetal, ƙura in an daɗe ba ruwa, taɓo in ruwa ya sauka. Ta ji ana cewa akwai ciyayi 'yan dangin aya masu jure inuwa, kuma an fi son a nemi 'yan asalin yankin da mutum yake zaune. Tana so ta san ko da gaske za su rufe ƙasar, wanne ya kamata ta zaɓa, da yadda ake dasa su.

Malama, za su rufe miki ƙasar, kuma a ganina babu wani rukunin tsirrai da ya fi su dacewa da wannan aiki, amma sai kin fara gane cewa abin da ya kashe miki ciyawar farko ba rashin haske ba ne kaɗai. Bishiya babba tana baza yawancin ƙananan saiwoyinta masu shan ruwa a saman ƙasa, cikin santimita 30 zuwa 60 na farko, wato daidai inda duk wata ciyawa take neman abin da za ta sha, sannan rassanta suna tare wani kaso na ruwan sama kafin ya iso ƙasa. Ciyawar ado kuma ana aske ta ƙasa-ƙasa kowane lokaci, saboda haka ɗan ganyen da ya rage mata ba ya isar ta ta tara abinci a wurin da rana ba ta shiga sosai. Ƙishirwa da yunwa ne suka haɗu mata a lokaci guda. 'Yan dangin ayar da ke tsirowa a gindin itatuwan kurmi sun saba da wannan matsi: ba a aske su, ganyensu yana daɗewa a jikinsu, kuma da yawa daga cikinsu suna yin tohonsu da wuri, kafin bishiyoyin da ke kansu su cika ganye. Sai dai kowane iri yana da gwargwadon danshin da yake buƙata, kuma a nan ne mafi yawan masu dashe suke faɗuwa, domin suna zaɓe da ido bisa kyan ganye, ba su tambayi ƙasarsu ba.

Yana da kyau ki iya gane su da hannunki, saboda ko masu sayar da tsirrai suna rikita su da ciyawa ta yau da kullum. Ki tsinki kara ɗaya daga gindi ki mirgina shi tsakanin babban yatsa da manuni. Idan ciyawar gama-gari ce za ki ji shi a mulmule, da gaɓoɓi a jikinsa, kuma galibi da rami a ciki. Idan ɗan dangin aya ne galibi za ki ji kusurwa uku suna tokarar yatsunki, ba gaɓa, cikinsa kuma a cike yake. Idan kika leƙa tsiron daga sama za ki ga ganyayen sun fita ta fuska uku, ba biyu ba. Dangin yana da girma, ya haura iri 5,000 a duniya, kuma reshe ɗaya daga cikinsa mai suna Carex, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta sunansa a 1753, yana da kimanin iri 2,000 shi kaɗai. Daga wannan reshe ne ake samun mafi yawan waɗanda ake dasawa a inuwa, kuma alamar da ta keɓe shi ita ce kowace ƙwayar irinsa tana cikin 'yar jaka ƙarama, wadda siffarta ce masana suke dubawa su bambanta wani iri da wani.

Na san duk wanda ya taɓa fama da aya-aya a gona ko a lambu zai ji gabansa ya faɗi in aka ce masa ya dasa danginta da hannunsa, kuma tsoron yana da dalili, domin aya-aya, wadda sunanta na kimiyya Cyperus rotundus ne, tana cikin ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya. Abin da ya sa ta gagara shi ne 'ya'yan da take binnewa a ƙasa a jere kamar carbi, ta yadda in aka tumɓuke ta sai igiyar ta tsinke, kowane ɗa ya sake tsirowa. Carex ba ta yin irin waɗannan 'ya'ya. Ƙari a kan haka, aya-aya ciyawar rana ce mai son zafi da fili, kuma inuwa tana rage mata ƙarfi ƙwarai, don haka wurin da kike magana a kai ba wurinta ba ne. Haɗarin da ke akwai kawai shi ne ki shigo da ita cikin ƙasar da ta zo da wani tsiron, kuma zan dawo kan wannan.

Kafin ki sayi ko guda ɗaya, ki karanci wurin. Ki duba shi da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, ki lura ko rana tana faɗa masa kai tsaye na wasu sa'o'i, ko tana ratsowa tsakanin ganyaye ta yi dabbare-dabbare a ƙasa, ko kuwa duhu ne yini guda. Inuwar bishiyar da ke zubar da ganye wani lokaci na shekara ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan inuwar wadda ba ta zubarwa, irin su mangwaro, domin ta farko tana ba abin da ke ƙarƙashinta 'yan watanni na haske. Bayan haka ki haƙa rami mai zurfin santimita 30 a wurare biyu ko uku, ɗaya kusa da gindin bishiyar, ɗaya a bakin inuwar, ki cika su da ruwa. Idan ruwan ya shige cikin sa'o'i kaɗan kuma ƙasar da kika tono ta ƙi dunƙulewa a tafin hannu, kina da busasshiyar inuwa. Idan ya kwana ya wuni yana nan, ƙasar tana riƙe ruwa, kuma irin da za ki nema daban ne. Yayin haƙar za ki kuma ga yawan saiwoyin bishiyar. In ƙaramin shebur ya shiga ba wahala, da sauƙi. In kuwa kowane sara sai ya ci karo da saƙar saiwoyi masu kauri kamar tabarma, to ki san cewa ban-ruwa zai zama dole na tsawon lokaci. Ba mamaki ki tarar da hali biyu a lambu ɗaya, busasshe a gindi, mai laima a inda ruwan rufin ɗaki yake zuba, kuma babu laifi ki dasa iri biyu.

Abu na biyu da za ki tambaya game da kowane iri shi ne yadda yake girma. Wasu suna tsayawa wuri ɗaya, gindin yana ƙara faɗi a hankali ya zama gungu, kuma ba za su taɓa zuwa su cike tazarar da kika bari tsakaninsu ba sai dai ganyensu ya kwanta ya rufe ta. Wasu kuma suna tura kara mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a gefe ya kafa sabon tsiro, har su haɗe su zama shimfiɗa guda. Masu rarrafen su ne suka fi amsa bukatarki in faffaɗan wuri ne, kuma su ne suka fi riƙe ƙasa a gangare inda ruwa yake zaizayewa. Masu gungu sun fi dacewa da bakin hanya, da ƙaramin wuri, da inda kike son ki haɗa su da furanni ba tare da sun shaƙe su ba. Mutane da yawa suna dasa mai gungu da tazara mai yawa suna jiran ya yaɗu, shekara ta zagayo ƙasa na nan a buɗe, su ɗora wa tsiron laifi alhali halittarsa ce haka.

Wane iri ne ɗan asali ya danganta da inda kike a duniya, saboda haka bari in kawo waɗanda aka fi sani yanki-yanki. A gabashin Amurka ta Arewa, inda aka fi zurfafa wannan aiki, wanda ya fi shahara shi ne Carex pensylvanica, mai siririn ganye, tsayinsa bai cika wuce santimita 20 zuwa 25 ba, yana rarrafe a hankali, yana kuma jure busasshiyar inuwa muddin ƙasar ba ta riƙe ruwa. A ƙasa mai nauyi da jiƙa yakan ruɓe. Lambun bincike na Mt. Cuba da ke jihar Delaware ta ƙasar Amurka ya gwada irin Carex 70 tsawon shekara huɗu, a inuwa da kuma a rana, kuma wanda ya zo kan gaba shi ne Carex woodii, mai kama da pensylvanica amma shimfiɗarsa ta fi kauri, abin da ke sa ya fi hana baƙuwar ciyawa samun wurin tsirowa. Akwai Carex plantaginea mai faffaɗan ganye mai tamoji, da ja-ja a gindinsa, wanda yake son ƙasa mai taki da danshi da inuwa sosai, kuma kyansa ya fi fitowa in an dasa shi kusa da masu siririn ganye. Carex eburnea ganyensa kamar gashi ne don siranta, gajere ne, kuma yana son ƙasa mai sinadarin farar ƙasa. A kudu maso gabashin ƙasar, inda zafi ya fi yawa, Carex cherokeensis ya fi riƙe kansa, gungu yake yi mai tsayin da ya kai gwiwa.

A Turai Carex sylvatica ne ɗan kurmi na ainihi, yana son ƙasa mai yumɓu da ɗan danshi, sai Carex remota na wurare masu laima kamar bakin rafi, sai Carex flacca mai ganye shuɗi-shuɗi, wanda yake rarrafe kuma ya fi son inuwa marar duhu. Carex pendula kuwa ina gargaɗi a kansa ko a ƙasashensa na asali, domin yakan haura mita ɗaya, kuma yana zubar da iri ba iyaka, har ya cika lambu da 'ya'yansa. Waɗanda suka fi yawa a kasuwannin tsirrai, masu ganye mai ratsin fari ko rawaya irin su 'Evergold' da 'Ice Dance', asalinsu Japan ne. Tsirrai ne masu kyau da juriya, ban kushe su ba, amma ga wanda ba a Japan yake ba, ba 'yan asali ba ne.

Ƙasashe masu zafi suna da nasu lissafin, kuma wajibi ne in faɗa miki shi ƙarara. Carex tsiron sanyi ne, yana girma ne a lokacin da iska take da sauƙi, kuma a Afirka mai zafi galibi a kan tsaunuka ake samunsa, kamar tuddan Habasha da manyan duwatsun gabashin nahiyar da dutsen Kamaru. Wanda ya ɗauko pensylvanica ya kai shi ƙasa mai tsananin zafi da dogon rani zai yi asarar wahalarsa. A irin waɗannan wurare sai a koma ga wasu rassan dangin. Cyperus albostriatus, ɗan kurmin kudancin Afirka, misali ne mai kyau: gajere ne, ganyayensa suna buɗewa a saman kara kamar laima, yana rarrafe ya rufe ƙasa a inuwa mai danshi. Ɗan'uwansa wanda laimar ganyensa ta fi girma, Cyperus involucratus, ya fi tsayi kuma ya fi son ruwa, saboda haka wurinsa bakin kududdufi ne ko inda ruwa yake kwanciya. A dazuzzukan da ruwan sama yake da yawa akwai Mapania da Hypolytrum a gindin itatuwa, sai dai ba a cika samunsu a hannun masu sayarwa ba. Ki yi hattara da wasu daga cikin Scleria, domin gefen ganyensu yana yanka fata, kuma bai kamata su zauna inda yara suke wasa ba. Inda rani yake ɗaukar watanni ba ɗigon ruwa, kada ki sa ran wani ɗan dangin nan zai zauna kore a busasshiyar inuwa ba tare da ban-ruwa ba. Ko dai ki yarda ki riƙa ba shi ruwa, ko ki yarda ya bushe ya sake toho da damina.

Dalilin fifita ɗan asali ba son kai ba ne na ƙasa. Tsiron da ya daɗe a yanki ya riga ya daidaita da lokacin ruwansa da sanyinsa da ƙasarsa, don haka in ya kafu ba ya neman kulawa mai yawa. Halittun wurin ma sun san shi: tsutsotsin wasu malam-buɗe-littafi masu launin ƙasa ganyen waɗannan ciyayi suke ci, tsuntsaye suna tsintar irin, tururuwa suna kwashe irin wasu daga cikinsu su kai ramukansu, ta haka su shuka shi a wani wuri, kuma ƙananan kwari masu amfani suna fakewa a gindin gungun. Kada dai a yi musu ƙarin gishiri, iska ce take ɗaukar musu garin fure, saboda haka ba su da zumar da za su ba ƙudan zuma, kuma mai son wannan sai ta saka furanni a tsakaninsu. Sannan akwai batun ɓarna, domin baƙon tsiro mai zubar da iri yana iya tsallake katanga ya shiga daji ya danne na gida. A jihar Kalifoniya ta Amurka an yi shekaru ana sayar da wata ciyawa da sunan Carex tumulicola, 'yar asalin jihar, mutane suna dasawa da kyakkyawar niyya, daga baya aka gano cewa Carex divulsa ce ta Turai. Wannan ya isa ya nuna miki cewa sunan kasuwa ba abin dogaro ba ne. Ki nemi cikakken sunan kimiyya, ki tambayi daga ina aka samo iyayen tsiron, kuma in da hali ki nuna shi ga masanin tsirrai na jami'a ko na ma'aikatar gandun daji lokacin da yake ɗauke da iri, domin a lokacin ne ake iya tantance shi.

Hanya mafi inganci ta sanin abin da zai zauna a lambunki ita ce ki je dajin da ya fi kusa da ke, ki duba abin da ke tsirowa a gindin itatuwa masu inuwa irin taki, a ƙasa irin taki. Ki je ki gani ne, ba ki je ki tono ba. Tonon tsiro daga daji yana barin rami da zaizaya, a wurare da yawa doka ta hana, kuma dunƙulen ƙasar da kika ɗauko shi ne ƙofar da aya-aya da sauran miyagun ciyayi suke bi su shigo. Abin da ya halatta shi ne ɗiban iri kaɗan da izinin mai wurin, ko ceto tsirrai daga filin da za a share don gini, a wanke saiwarsu tas kafin a dasa. Shuka daga iri tana bukatar haƙuri. Irin Carex na ƙasashen sanyi galibi ba ya tsirowa sai ya ji sanyi da danshi na kwana 30 zuwa 60, abin da ake kwaikwaya da sa shi cikin jiƙaƙƙen yashi a firji, sannan a barbaɗa shi a saman ƙasa ba a binne ba, domin yana son haske kafin ya fashe. Wasu kamar pensylvanica ba su cika yin iri mai kyau ba, sai dai a raba gindinsu. Saboda haka ga mai lambun gida, ƙananan dashe daga wurin rainon tsirrai sun fi.

Wajen gyara wurin, lafiyar bishiyar ita ce a gaba, domin ita ta fi komai daraja a lambun kuma ita ta fi wuyar mayarwa. Kada a kafta ƙasa ko a sa injin huɗa a ƙarƙashinta, saboda zai datse saiwoyin da take sha da su. Kada kuma a jibga sabuwar ƙasa mai kauri a kan saiwoyin don a samu wurin dashe mai laushi, domin saiwa tana numfashi, kuma bishiyar da aka binne wa saiwa takan ɗauki shekaru tana ramewa kafin a gane dalili. Abin da za ki yi shi ne ki cire duk ciyawar da ke wurin da hannu, musamman masu rarrafe, ki jiƙa ƙasar ki jira mako biyu ko uku waɗanda suka ɓuya su fito ki sake cirewa, sannan ki shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya ruɓe sosai mai kaurin santimita 2 zuwa 3. Wannan cirewar ta farko ita ce aikin da ba a gaggawa a kansa. Da zarar ciyawar banza mai siririn ganye ta shiga cikin shimfiɗar Carex, bambanta su da ido ma aiki ne, balle raba saiwarsu.

Ki zaɓi ƙananan dashe, waɗanda dunƙulen saiwarsu bai wuce faɗin santimita 5 ba, a kan manya na cikin tukunya. Ƙarami yana shiga tsakanin saiwoyin bishiya da ɗan rami, kuma yana kafuwa da sauri. Idan shebur ya ci karo da saiwa mai kauri, ki matsa gefe, kada ki sare ta. Tazarar santimita 30 tana cin tsiro 11 a kowane murabba'in mita, ta santimita 25 tana cin 16, ta santimita 20 tana cin 25, wato wuri mai murabba'in mita 10 a tazarar tsakiya zai ci tsiro 160. Mutane sukan firgita da wannan adadi su buɗa tazarar, amma duk ƙasar da aka bari a buɗe ciyawar banza ce za ta gaje ta. In abin da ke hannu bai kai ba, gara ki cika ƙaramin yanki da kyau, ki rufe sauran da busasshen ganye, ki faɗaɗa daga baya. Ki jera su a karkace, kowane tsiro yana fuskantar tazarar layin da ke gabansa, don kada wurin ya yi kama da kunyoyin gona. Wurin da ganye ya haɗu da saiwa ya zauna daidai da fuskar ƙasa. In ya nutse zai ruɓe, in ya ɗago zai bushe. Ki danna ƙasar da yatsu a kewayensa, ki ba shi ruwa nan take. Lokacin dashe kuwa, a ƙasashen sanyi farkon kaka ne ko lokacin da hunturu ya wuce, a ƙasashen zafi kuma bayan damina ta kankama ƙasa ta jiƙu, ta yadda tsiron zai samu watannin ruwa kafin rani.

Shekarar farko ita ce take yanke hukunci. Irin da aka ce yana jure fari yana jurewa ne bayan saiwarsa ta kafu, ba ranar da aka dasa shi ba, kuma bishiyar da ke kansa ba za ta bar masa ruwa don tausayi ba. A makonnin farko kada ki bari ƙasar ta bushe ƙayau. Bayan haka ki koma ga ban-ruwa mai yawa amma jefi-jefi, kimanin lita 25 a kowane murabba'in mita a mako in ba a yi ruwan sama ba, fiye da haka in ana zafi ko ƙasar yashi ce. Yayyafi kullum yana jiƙa sama ne kawai, ya sa saiwa ta tsaya a sama. Ki riƙa cusa yatsa a ƙasa ko bayan an yi ruwa, domin sau da yawa ana tafka ruwa a fili amma gindin bishiya mai cunkoson ganye yana nan a bushe. Cirar ciyawa kuma ki yi ta tun tana ƙarama, da hannu, ba da fartanya ba, don kada a datse sababbin kararan da suka fara rarrafe.

Takin zamani ba shi da wani muhimmanci a nan, kuma yawansa cutarwa yake yi, domin yana sa ganye ya yi tsawo ya kife, ya kuma ciyar da ciyawar da kike yaƙi da ita. Ganyen da bishiyar take zubarwa shi ne takin da waɗannan tsirrai suka saba da shi. Ƙananan ganyaye suna zurarewa tsakanin ciyawar su ruɓe, sai ki bar su. Manya masu kauri da ke manne wa juna su yi rufi, ki kwashe yawancinsu da manjagara a hankali, ki daddatsa su ki mayar in kina so. Yanka kuma sau ɗaya a shekara ya isa, gab da sabon toho, a tsayin santimita 8 zuwa 10, kuma kada a taɓa aske su har ƙasa. Masu faffaɗan ganye da ba sa bushewa ba sa ma bukatar yanka, sai dai ki tsefe matattun ganye da yatsu, kina sanye da safar hannu saboda kaifin gefensu.

Abin da ba za su yi miki ba shi ne ɗaukar sawu. Taka su jefi-jefi ba komai, amma hanyar da ake bi kullum ko filin wasan yara zai kashe su, saboda haka ki shimfiɗa duwatsu ko bulo a inda ƙafa ta saba bi tun kafin dashe. Cututtukansu kaɗan ne: wani lokaci cutar tsatsa takan fito a ganye in iska ba ta ratsawa, ɓeraye sukan yi ramuka a ƙarƙashin shimfiɗa mai kauri, ruɓewar gindi kuma kusan kullum alama ce ta binnewa da zurfi ko ruwa mai kwanciya. Barewa da makamantanta ba su cika cin su ba. Inda macizai suke da yawa, ki zaɓi gajeren iri, ki bar fili a share tsakanin shimfiɗar da ƙofar ɗaki.

A shekarar farko za ki ga kamar ba abin da ke motsi, domin aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. A ta biyu masu rarrafe za su fara ɓullowa a tsakanin layuka, kuma a ta uku ne galibi shimfiɗar take haɗewa, a busasshiyar inuwa ma takan ɗara haka. Daga nan za ki iya tono gungu ɗaya cikin kowane huɗu ko biyar, ki yayyaga shi da hannu ko ki raba da wuƙa gida uku ko huɗu, kowane yanki da saiwarsa da tohonsa, ki dasa a yankin da kika bari, ki cike ramin da ruɓaɓɓen ganye, maƙwabtansa za su rufe shi. Kusa da gindin bishiyar kuwa, inda duhu ya fi yawa kuma manyan saiwoyi suka fito fili, ki bar da'ira mai faɗin rabin mita zuwa mita ɗaya ba dashe, ki rufe ta da busasshen ganye ba tare da ya taɓa ɓawon itacen ba. In bishiyar mai cunkoson ganye ce ƙwarai har dashen da ke ciki-ciki ya riƙa ramewa, a sa wanda ya iya aikin ya rage ƙananan rassan ƙasa don hasken safe da na yamma ya shigo ta gefe, a kuma tsayar da ciyawar a iyakar da ta nuna tana iya zama.